Ɗarin Jos da Masanin Amurka: Wa Za a Tambaya kan Ɗumamar Yanayi?

Injiniya Kabiru: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da ɗari. Da asubar yau wayata digiri 9 ta nuna, ruwan buta kamar daga firji aka ciro shi, alwala sai da na yi ta maza. Shi ne na ce bari in tambayi masu cewa duniya na ɗumama: ta wace unguwa ta biyo? Don mu nan Anguwar Rogo ba ta iso ba. Ga bidiyo nan na turo, wani masanin kimiyya ne ɗan Amurka, John Clauser, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2022. Da bakinsa yake cewa babu wani bala'in yanayi da ke tafe. To idan mai Nobel ya faɗi haka, yaran nan masu yawo da allon majigi otal-otal su ne za su gaya mana akasin haka?

Sani Mai Shayi: Injiniya, Allah ya ƙaro mana irin wannan ɗarin. Ƙarfe 5 na hura wuta a Terminus, kafin 8 madara ta ƙare. Idan ɗumamar kasuwata za ta kashe, a gaya mata ta tsaya a Lafiya.

Malama Rifkatu: Ina kwananku. Injiniya, rigimar nan Hausa ce ta fara haɗa mu da ita, don kalma ɗaya muke da ita, yanayi, alhali abu biyu ne. Akwai na yau da gobe, akwai kuma halin da ƙasa ta saba da shi shekara da shekaru. Masana sai sun tara lissafin shekara 30 kafin su ce ga halin wuri. Tambayi Malam Sani: cinikin safiyar yau shi ne cinikin shekara? In ya buɗe littafinsa ya ga shekara goma ke nan masu shan shayi na raguwa, safiya ɗaya mai albarka ba za ta ƙaryata littafin ba. Kuma Jos tana kan tudu ne, sama da mita 1,200 daga teku, dole mu ji sanyin da ɗan Lokoja ba zai ji ba. Littafin duniya kuwa ya nuna 2024 ce shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ta ɗara zamanin kafin masana'antu da wajen digiri 1.5.

Sani Mai Shayi: Malama ni ba ni da littafi sai na 'yan bashi. Injiniya ma yana ciki.

Injiniya Kabiru: Sani ka bari mana, ana maganar manya. Malama na ji, amma littafin wa ya rubuta? Su. Ma'aunin wa? Nasu. Sannan ba ki taɓa maganar masanin ba. Ke da kike koyar da labarin ƙasa a sakandare, da girmamawa, kin fi mai Nobel ne?

Dokta Hauwa: Yaya Kabiru, bari in shiga a nan, don ni ma ana min irin wannan. Ni likitar yara ce. Jiya wata ta tare ni a gidan biki ta buɗe min baki wai in duba mata haƙori. Na ce je ki wurin masu haƙori. Ta ji haushi, wai ba dokta ba ce ke? Dokta ce, amma ba ta wannan ba.

Abin da aka ba Clauser kyauta a kansa gwaji ne kan ƙwayoyin haske, shi da wasu mutum biyu. Babban aiki ne, babu mai raina shi, sai dai ba aikin yanayi ba ne. In kuma Nobel ne ma'auni, to shekara ɗaya kafin nasa, a 2021, an ba Syukuro Manabe da Klaus Hasselmann irin wannan kyautar, su kuma a kan lissafin yanayi ne kai tsaye. Me ya sa bidiyonsu bai zagayo zaurenmu ba? Saboda abin da suka faɗa ba shi da daɗin turawa.

Injiniya Kabiru: To ba shi kaɗai ba ne ai. Akwai takardar koke a Amurka da masana kimiyya sama da 31,000 suka sa wa hannu cewa babu hujja. Dubu talatin da ɗaya fa, Dokta. Duk likitocin haƙori ne?

Auwal Ɗalibi: Ranka ya daɗe Injiniya, na san takardar, ta jihar Oregon ce, tun 1998 ta fara yawo. Sharaɗin sa hannu shi ne kana da digiri a kowane fanni na kimiyya. Kai ma ka cancanta, Anti Dokta ma ta cancanta, likitan dabbobi na Vom ma ya cancanta. Su kansu masu takardar da suka rarraba sunayen fanni-fanni, mutum 39 ne suka rubuta cewa fanninsu ilimin yanayi ne.

Amma kada in yi maka rashin adalci. In kana neman mai ja da gaske, wanda fanninsa ne, akwai Richard Lindzen, tsohon farfesan jami'ar MIT ta Amurka, har ya taɓa shiga cikin marubutan rahoton 2001 na IPCC, wato kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi bai ce iskar kabon ba ta riƙe zafi ba. Cewa yake zafin da za ta ƙara bai kai yadda sauran ke faɗa ba. Wannan ja ne na cikin gida, kuma an amsa masa da lissafi, ba da zagi ba. Irinsa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Da aka bi dubban maƙalun bincike aka ƙirga a 2013, cikin waɗanda suka bayyana matsayi kashi 97 cikin ɗari sun ce ɗan'adam ne sila.

Wanda labarinsa ya fi burge ni shi ne Richard Muller, masanin fiziks a jami'ar Berkeley ta Amurka. Irin ra'ayinka gare shi, ya ce ma'aunan akwai maguɗi. Bai tsaya surutu ba, ya haɗa tawaga suka kwaso bayanan tashoshin auna zafi suka sake lissafi daga tushe. Cikin masu ba su kuɗi har da gidauniyar Charles Koch, attajirin da ya yi arzikinsa a harkar mai. A 2012 ya fito ya ce ya sauka daga ra'ayinsa, ɗumamar gaskiya ce kuma mutane ne suka jawo ta.

Injiniya Kabiru: Yaro ya sha karatu. To ni a bayyana min a matsayina na mai gyaran inji, ba da sunayen Turawa ba. Iskar da ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na sararin sama ba, ta yaya za ta dafa duniya?

Auwal Ɗalibi: Yallaɓai, gishiri kashi nawa ne a tukunyar miya? Bargon da ka rufa da shi daren jiya ba shi da wuta a ciki, zafin jikinka yake hana fita. Hasken rana yana ratsa iska ya sauka, ƙasa ta yi zafi ta mayar da shi sama, iskar kabon ta tare wani kaso. Ba sabon zance ba ne: John Tyndall ya gwada shi a ɗakin gwaji a 1859, Svante Arrhenius ɗan Suwidin ya yi lissafinsa da alƙalami a 1896, lokacin ko Lugga bai ci Kano ba, balle a ce wata ƙungiya ce ke neman tallafi. Kafin masana'antu iskar kashi 280 ce cikin miliyan. Da aka fara auna ta kullum a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ta kai wajen 315. Yau ta haura 420.

Ga kuma abin da zai yi maka daɗi a matsayinka na mai gano ciwon inji. Da rana ce ta ƙara wuta, da sama da ƙasa duk za su yi zafi tare. Idan kuwa bargo ne ya ƙara kauri, ƙasa za ta yi zafi, can ƙololuwar sama ta yi sanyi. Manabe ya faɗi haka tun 1967. Da taurarin ɗan'adam suka zo suka auna, haka aka tarar. Ni a wurina masani ke nan: ya faɗi abu tun kafin a gani, ya ajiye lissafinsa a fili kowa ya duba, in ya yi kuskure a kama shi.

Baba Alhaji Iliya: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta min, ni idona ya yi rauni. Na ji duk abin da kuka ce. Ni ban yi boko ba, amma shekarata 78, na yi aikin kuza ina saurayi, da kuza ta mutu na koma lambu a bakin kududdufin da ta bari a Bukuru. Ku yara kuna magana kamar yau aka fara fari. Na ga na 1973, na ga na 1984, shanu suna faɗuwa a hanya, mutanen arewa suna kwararowa. Mahaifina kuma ya ba ni labarin Kakalaba, yunwar 1914, lokacin mota nawa ce a ƙasar nan? Saboda haka in an ce da can komai lafiya lau ne, ban yarda ba.

Amma Kabiru, kai ma kada ka yi saurin murna. Da muna samari, Jos ba a san fanka ba. Mutum zai shekara bai nemi mafici ba. Hazo yakan kwana uku bai ɗaga ba. Shamuwa in ta sauka, ka gyara gona ka jira, ba ta cika ƙarya ba. Yanzu ruwa zai sauko a yi shuka, ya ɗauke sati uku iri ya ƙone, sannan ya dawo gaba ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Wannan ba a littafi na karanta ba, a jikina na ji. To ni a cikinku wane ne? Masani ko jahili?

Malama Rifkatu: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kai ne shaida. A kotu ma shaidar gani da ido daban, mai binciken da zai haɗa shaidu ɗari ya fitar da dalili daban. Abin da ya faru a bakin kududdufinka babu farfesan da ya kai ka saninsa. Amma ko hayaƙin Caina da Amurka ne ya jawo, ko itatuwan da muka sare muka yi gawayi, ko kwano da kwalta da suka rufe garin, ido kaɗai ba zai raba wannan ba. Sai an gwama da ma'aunin da ke filin jirgi na Heipang da na sauran wurare.

Baba Alhaji Iliya: Kin yi magana 'yata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba lallai ya san inda hadarin ya taso ba. Na karɓa.

Dauda Bokkos: Ni dai ku bar ni in fitar da abin da ke cina. Bara aka kira mu manoman dankali taron bita a wani otal a cikin gari, wai za a wayar mana da kai kan sauyin yanayi. Aka gabatar da wani matashi da kwat, aka ce ƙwararre ne, har ƙasar waje ya je taro. Awa biyu yana nuna mana hoton ƙanƙara tana narkewa da wata farar dabba a kai. Na ɗaga hannu na ce yallaɓai, damina in ta yi nauyi da hazo ganyen dankalinmu yakan yi baƙi ya ruɓe cikin kwana kaɗan, shin mu matso da shuka ne ko mu canza iri, kuma yaushe ya kamata a fara feshi? Ya ce tambaya ce mai kyau, za su saka ta a rahoto. Da aka fita filin gwaji, na rantse bai bambance ganyen dankali da na tumatir ba. Aka ba mu riga da kuɗin mota aka ɗauki hoto. Irin waɗannan ne suka sa in na ji an ce masanin yanayi sai in taɓa aljihuna.

Injiniya Kabiru: Yauwa Dauda! Abin da nake faɗa ke nan. Sana'a ce. Ku tuna taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Dubai a 2023, sunan mutum 1,411 aka gani daga Najeriya. Da aka yi caa, gwamnati ta ce 422 kawai ta ɗauki nauyi. Kawai fa. Duk masana ne?

Dokta Hauwa: A nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Amma Yaya, masu sayar da maganin basir a tasha da lasifika ba su sa basir ya zama ƙarya ba.

Sani Mai Shayi: Dokta a yi mana sassauci, wasu na karyawa.

Hajiya Binta: Sannunku. Tun ɗazu nake karantawa ina kasuwar Farin Gada, sai yanzu na samu sarari. Ni maganar da ke ƙona min rai daban ce. A watan Yulin 2012 ina Rikkos lokacin da ruwa ya zo da dare. Sama da mutum 30 suka rasu tsakanin Rikkos da Gangare da Anguwar Rogo, akwai waɗanda na sani, akwai yaran da muka yi kwanaki ana nema. Ban son tuna daren. Amma tun daga lokacin, duk wanda ya zo jaje da babbar riga sai ya ce sauyin yanayi ne. To sauyin yanayi ne ya ba mutane fili a bakin rafi? Shi ne ya cika kwata da leda da robar ruwa? Kalmar nan ta zama bargon da kowane mai laifi ke lulluɓa da shi. Da an ce sauyin yanayi, shi ke nan ba a kama kowa ba.

Auwal Ɗalibi: Hajiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Maganarki gaskiya ce, kuma masanan ƙwarai ba su ja da ke. Abin da suke cewa ɗan taƙaitacce ne: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa wajen kashi 7 cikin ɗari, don haka in ta tashi saukewa sai ta sauke da yawa. Ruwan sama ke nan. Amma ko ruwan zai zama ambaliya, ko ambaliyar za ta ci rai, wannan aikin kwata ne da tsarin gini da gargaɗi a kan lokaci. Ambaliyar 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan, masu binciken da suka auna sun ce ɗumamar ta ninka yiwuwar irin wannan damina mai nauyi a yankin Tafkin Chadi wajen sau 80. A cikin rahoton nan dai suka ambaci gine-gine a hanyar ruwa da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Ba su ɓoye ba. Madatsar Alau da ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024 ma haka: ruwa ya yi yawa, amma ai bango sai ya tsage ƙadangare ke shiga.

Har Tafkin Chadi da kowa ke kafa hujja da shi, a yi hattara. Gaskiya ne ya tashi daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980. Amma farin Sahel da Baba ya ambata ne babban dalili, ga ɗiban ruwa don noman rani, kuma daga baya ruwan ya ɗan farfaɗo. Duk wanda ya ce maka ɗumamar yanayi ce kaɗai ta shanye shi, ya taƙaita labari.

Alhaji Musa Dilimi: Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Ruwa da zafi da sanyi na Allah ne. Ɗan'adam har ya isa ya canza abin da Ubangiji ya tsara? Ku ji tsoron Allah, wannan zancen yana kusa da shirka.

Ustaz Nura: Alhaji, Allah ya ƙara girma, a sassauta kalmar shirka, tana da nauyi. Babu mai musun cewa komai da ikon Allah yake. Amma Shi ne ya sanya sababi. In maƙwabcinka ya toshe magudana ruwa ya shiga shagonka a Dilimi, ƙaddara ce, amma ai za ka kai ƙara wurin mai unguwa. A Suratur Rum an faɗa cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. A Suratun Nahli kuma aka ce ku tambayi ma'abota sani in ba ku sani ba. Mu a fagenmu ma ba kowane mai rawani ake karɓar fatawarsa ba, sai an tambayi a wurin wa ya yi karatu, kuma wane fanni. Malamin nahawu ba ya raba gado don kawai ya iya Larabci. Ni kaina in aka tambaye ni iskar kabon, cewa zan yi a tambayi Auwal, shi kuma in ya yi kuskure malamansa su gyara masa.

Alhaji Musa Dilimi: To Ustaz, na janye kalmar. Amma roƙon ruwa dai ba za mu daina ba.

Ustaz Nura: Wa ya ce a daina? A yi roƙo, a kuma yashe kwata.

Malama Rifkatu: Mu ma a coci haka ake koya mana, an sa mutum a gona ne ya noma ta ya kuma kiyaye ta. A nan dai babu faɗa.

Garba Shugaban Zaure: Jama'a, wanda ya turo tallan fili a Rayfield a tsakiyar muhawara na goge. Ranar Asabar ce ranar talla. A ci gaba.

Injiniya Kabiru: To bari in faɗi ainihin abin da ke raina, tunda an taru a kaina. Na yarda ban iya ture lissafin Auwal ba, ba fannina ba ne. Amma su ma masanan ba mala'iku ba ne. Ba su ne suka rubuta a rahoton IPCC na 2007 cewa ƙanƙarar tsaunukan Himalaya za ta iya ƙarewa kafin 2035 ba, daga baya suka ce kuskure ne? Wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya fi ci min rai: Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba. Su Turawa sun ƙona gawayin ƙasa shekara ɗari biyu sun gina ƙasashensu. Amurka ta shiga yarjejeniyar rage hayaƙi ta Faris ta 2015, Trump ya fitar da ita, Biden ya mayar, Trump ya dawo ya sake sa hannun fita. Sannan a zo a ce mu da ke kwana uku babu wuta mu bar iskar gas ɗinmu a ƙasa? Ni kullum cikin gyaran janareta nake. Asibiti, gidan burodi, mai walda, kowa da nasa. Wani da bai taɓa kwana cikin duhu ba zai zauna a ofis mai sanyi ya tsara mana yadda za mu yi girki. Matar da aka hana gas, itace za ta koma, dajin da ya rage ta ƙarasa shi.

Auwal Ɗalibi: Ranka ya daɗe, kuskuren Himalaya ya faru, kuma masana ƙanƙara ne da kansu suka tono shi, IPCC ta amsa laifi a farkon 2010. Ban taɓa jin masu takardar 31,000 sun fito sun gyara ko layi ɗaya ba.

Maganarka ta biyu kuwa ba ni da ja, kuma ka lura ka canza tambaya. Ko duniya na ɗumama, me ya jawo, wannan na masu auna iska da teku ne. Amma me Najeriya za ta yi, da wane kuɗi, wa zai biya, Manabe ba shi da ta cewa a nan fiye da kai. Bai san nawa ake sayen litar dizal a Jos ba, bai san sau nawa babban layin wuta ke faɗuwa ba. Buhari ya yi alkawari a taron yanayi na Glasgow a 2021 cewa nan da 2060 hayaƙin da muke fitarwa ba zai wuce wanda ake zuƙewa daga iska ba, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamban shekarar. In za a zauna a duba ko hakan mai yiwuwa ne, kujerarka tana gaba da tawa. Ga gas da ake ƙonawa a banza dare da rana a yankin Neja Dalta alhali mata na girki da gawayi, wannan ai aikin injiniyoyi ne.

Injiniya Kabiru: Ka ga yaron nan da wayo. Ya kayar da ni sannan ya ba ni kujera.

Hajiya Binta: Karɓi kujerarka Injiniya, wasu ko tabarma ba a ba su ba.

Baba Alhaji Iliya: Jikana ya karanta min. Bari in ƙara ɗaya in je in kwanta. Ina da aboki mutumin Maraɗi da muka yi aikin kuza tare, ya koma gida. Da na kai masa ziyara bayan shekaru na tarar gonakinsu cike da gawo, inda da can fili ne fetal. Na ce wa ya dasa muku? Ya ce babu wanda ya dasa. Kututturan da ke tohowa ne suka daina sarewa, suna rage rassa su bar ɗaya ko biyu su tashi. Gawo kuma kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ga taki.

Auwal Ɗalibi: Baba, wannan aikin na Maraɗi da Damagaram ya shahara a duniya, an ƙiyasta ya kai wajen hekta miliyan 5. Masu digiri ne suka riƙa zuwa da hotunan tauraron ɗan'adam suna ƙirga abin da manoma suka riga suka yi. A Burkina Faso ma akwai Yacouba Sawadogo, manomi ne da bai yi boko ba, ya farfaɗo da dabarar haƙa ramuka ana zuba taki don su riƙe ruwa, har aka ba shi babbar kyauta a Suwidin a 2018.

Dauda Bokkos: Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma har yanzu babu wanda ya amsa tambayar da na yi wa mai kwat. Bana yaushe zan shuka?

Malama Rifkatu: Malam Dauda, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa da inda za a samu tsaiko. Da ya fito zan ciro na Filato in sa a nan da Hausa. Hasashe ne, yana iya kucewa, kada ka zo ka kama ni. Maganar baƙin ganye da irin da ke jure masa kuwa, masu binciken dankali na Kuru za ka nema, ba masu yanayi ba.

Sannan ina da shawara. Ɗalibaina suna auna ruwan sama da gorar roba: a yanke kanta, a kifa shi ciki kamar mazurari, a manna rula a jiki, a kafa a fili nesa da rufi da bishiya. Kowace safiya ƙarfe 7 a duba a rubuta a zubar. In mutum biyar a zauren nan suka yi, Bokkos da Bukuru da Rikkos da Anguwar Rogo, mun fara namu littafin, tunda Injiniya ya ce na Turawa bai yarda da shi ba.

Injiniya Kabiru: Gorar roba iska za ta kwashe ta a hadarin farko. Ku bari in haɗa muku ƙafa ta ƙarfe, ina da ragowar rodi a shago. Guda biyar ko? Amma ku sani don in kama ku nake yi. In shekara ta zagayo lissafi bai nuna komai ba, za ku ji ni.

Malama Rifkatu: Shekara 30 na ce, Injiniya.

Injiniya Kabiru: To sai dai jikan Baba ya karanta min sakamakon.

Dauda Bokkos: Nawa a fara haɗawa. Ranar Alhamis zan shigo da kaya Farin Gada, sai in biyo in karɓa.

Sani Mai Shayi: In za ka biya shagonsa ka karɓo min naira 1,800 ɗina, shayi uku da ƙwai.